Mai a Sama, Ruwa a Ƙasa

Duk macen da ke matsar man gujiya ta san abu guda: mai ba ya nutsewa cikin ruwa. In aka zuba su cikin ƙwarya ɗaya, mai ya taso sama, ruwa ya kwanta ƙasa. Wanda ya leƙa daga bisa sai ya ce ƙwaryar cike take da mai.

Da wannan ƴar dabara wani ɗan kasuwa na ƙasar Amurka ya cuci bankuna da kamfanoni 51. Asirinsa ya tonu a shekara ta 1963. Waɗanda aka cuta masu ilimi ne. Suna da malaman lissafi, suna da lauyoyi, suna da ɗakuna cike da takardu. Amma sun manta da abin da kowane mai rumbu ya sani: gani ya kori ji.

Abin ya faru nesa, kuma ya daɗe. Duk da haka ya shafi kowace ƙungiyar manoma ko ta makiyaya da ke da mangaza, da akwatin kuɗi, da kaye na lissafi. Ga yadda ya kasance.

WANE NE MUTUMIN?

Sunansa Antoni De Anjelis, amma kowa Tino yake kiran shi. An haife shi a birnin Niyok a shekara ta 1915. Iyayensa baƙi ne, daga ƙasar Italiya suka zo. Tun yana saurayi ya shiga sana'ar nama. Ya yi ƙwazo, ya yi ta hawa, har ya zama mai iko da wani babban kamfanin nama mai suna Gobel.

A nan halinsa ya fara fitowa. Gomnati ta ba kamfanin aikin kai nama makarantu don abincin yara. Daga baya hukuma ta zarge shi da kai naman da ba a duba ba. A shekara ta 1953 kamfanin ya karye.

Ba a yi shekara uku ba, a 1955, Tino ya buɗe sabon kamfani mai suna Allied. Wannan karon man girki ya kama: man waken soya da man angurya. Ya samu wani fili a garin Bayon, bakin teku, kusa da Niyok. Filin na da manyan tankuna fiye da 100, waɗanda a da man fetur ake zubawa a ciki. Tun 1954 gomnatin Amurka ta fito da tsarin aika rarar abinci zuwa ƙasashen waje. Tino ya shiga cikin tsarin. Yana saida mai da araha fiye da kowa. Nan da nan ya zama babban mai fitar da man girki daga ƙasar.

BASHI BISA JINGINA

Ciniki irin wannan yana cin kuɗi da yawa. Tino na bukatar bashi, amma sunansa ya riga ya ɓaci. To, akwai wata hanya da ƴan kasuwa ke bi. Mutum na iya jinginar da kayansa. Sai a kira wani kamfani na dabam, mai aikin tsaron kaya. Shi zai riƙe mabuɗi. Shi zai auna kayan. Shi zai rubuta takardar shaida cewa akwai mai ton kaza cikin tanki kaza. Ɗan kasuwa ya kai takardar banki, banki ya ba shi bashi. In bai biya ba, banki ya saida man ya ɗauki kuɗinsa.

Daga 1957, wani reshe na kamfanin American Express ya karɓi tsaron tankunan Tino. American Express tsohon kamfani ne, mai suna, wanda ƴan kasuwar duniya suka yarda da shi. Daga ranar, masu ba da bashi suka daina duban halin Tino. Suka koma duban hatimin da ke kan takarda.

A nan aka yi babban kuskure. Reshen bai kawo nasa masu tsaro daga waje ba. Ya ɗauki ma'aikatan Tino, ya rubuta sunansu cikin masu karɓar albashinsa, ya ce su ne masu tsaro. Mutanen nan Tino ne ya kawo su aiki tun farko, shi ne kuma ke kyautata masu. An ba kura ajiyar nama ke nan.

YADDA AKA RUFE IDON MASU BINCIKE

Lokaci lokaci masu bincike na zuwa daga birni su auna tankuna. Tanki ya fi gidan sama tsawo, kuma ba a ganin cikinsa. Mai bincike sai ya hau bisa, ya buɗe wata ƴar ƙofa, ya zura ma'auni.

Mutanen Tino suka cika tankuna da yawa da ruwa. Suka zuba mai kaɗan a kai. Mai ya taso sama. Mai bincike ya ɗebo daga bisa, ya ga mai ne mai kyau, ya rubuta: tanki cike.

Cikin wasu tankuna sun yi abin da ya fi haka. Sun kafa wani dogon bututu a ƙarƙashin ƴar ƙofar, suka cika shi da mai. Kome nisan da ma'auni ya sauka, cikin bututun yake tafiya. Sauran tankin duk ruwa ne.

Ban da wannan, tankunan na haɗe da juna ta bututun ƙasa. In an gama auna tanki na farko, sai a tura man zuwa wani tanki na gaba. Masu bincike su iso, su sake auna man da suka riga suka auna. Kamar makiyayi ne da ke da shanu 10, ya shigar da su ta ƙofar gabas a ƙidaya, ya zagaya da su ta ƙofar yamma a sake ƙidayawa, a ce yana da 20.

Daga ƙarshe ko ruwan ma ba su wahala da shi ba. An saci takardun shaida waɗanda ba a rubuta kome a kai ba. Aka cika su, aka yi sa hannun ƙarya, aka kai banki.

WAYAR DA BA A BI DIDDIGINTA BA

A shekara ta 1960 wani mutum ya buga ma American Express waya. Ya ƙi faɗin sunansa. Ya ce akwai ruwa cikin tankunan Bayon, har ya faɗi lambar tanki. Aka aika masu bincike. Suka iske ruwa cikin wasu tankuna. Mutanen Allied suka ce bututun tururi ne ya fashe, ruwa ya zubo ciki. Aka karɓi maganar. Aiki ya ci gaba kamar da.

Don mi aka karɓa da sauƙi haka? Don Tino shi ne babban abokin cinikin reshen. Daga wurinsa mafi yawan ribar reshen ke fitowa. Wanda ke cin tuwon mutum, da wuya ya buɗe masa rumbu ya ƙidaya damma.

Akwai kuma wata alama da ta fi wannan girma. Gomnatin Amurka na buga yawan man da ke cikin ƙasar duka. A 1963, man da takardun Bayon suka ce akwai ya fi wanda gomnati ta ƙidaya a ƙasar baki ɗaya. Da wani ya ɗauki alƙalami ya tara takardun, da ya gane. Amma kowane banki tasa takarda kawai yake dubawa.

RANA ƊAYA TA MAI KAYA

Bashi ya yi ma Tino yawa. Sai ya ce bari ya saye man ƙasar duka don kuɗinsa ya hau. Ya shiga yin alkawarin sayen man da bai zo ba tukuna, kamar mai sayen hatsi tun yana tsaye cikin gona. Da kuɗin bashi yake yi, takardun ƙarya ne jinginarsa. Cikin watan Nuwamba na 1963 kuɗin mai ya faɗi. Dillalai suka ce ya biya. Ba shi da abin biya. Ran 19 ga watan, kamfanin Allied ya shaida ma kotu cewa ya karye.

Masu bin bashi suka ruga Bayon da takardunsu, kowa na neman mansa. Aka buɗe tankuna daga ƙasa. Ruwa ya yi ta zuba. Takardu sun ce akwai mai sama da ton dubu 800. Abin da aka iske bai wuce ton dubu 50 ba. Wato cikin ton 16 da aka rubuta, ton 1 kawai ke akwai.

Hasarar ta fi dola miliyon 150. Dola kuɗin Amurka ne, kada a haɗa ta da dala ta tamma 5. A lokacin dola guda ta kai wajen tamma 247. Ke nan hasarar ta kai kamar tamma miliyar 37, kuma miliyar guda miliyon dubu ce. Wani gidan dillalai mai suna Ira Haupt, wanda mutum wajen dubu 20 ke ajiya wurinsa, ya rushe. American Express ya biya wajen dola miliyon 60 don ya wanke sunansa. Kwana uku bayan karyewar Allied aka kashe shugaban Amurka, Kenedi, shi ya sa labarin man bai cika duniya nan da nan ba.

A 1965 Tino ya amsa laifinsa gaban alƙali. Aka yanke masa shekara 20 a gidan kaso. Ya fito a 1972. Bai daina ba: daga baya an sake ɗaure shi don wata zamba cikin cinikin nama. Ya rasu a 2009.

INA BANGON YA TSAGE?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tino mai wayo ne, amma wayonsa kaɗai bai isa ya cuci mutane shekara da shekaru ba. Tsarin aikin ne ya buɗe masa ƙofa.

Mai kaya da mai tsaro sun zama abu guda. Masu bincike sun tsaya a saman tanki. An ji kashedi, ba a bi shi har ƙarshe ba. An yarda da hatimi, ba a je an ga kaya ba.

Manyan kamfanoni na da tsarin da ya kamata ya hana haka. Masu dukiya, wato waɗanda suka zuba jari, suna zaɓen majalisar kula da kamfani. Majalisar ta naɗa masu tafiyar da aiki na yau da kullum. Sa'an nan a kira malaman lissafi daga waje su duba littattafai. Hannu uku ke nan, kowane na duban ɗan'uwansa. In hannuwan nan suka koma na mutum ɗaya, tsarin ya mutu ko da takardu na nan.

Amurka ta sake shan irin wannan wahala. A 2001 wani babban kamfani mai suna Enron ya rushe don lissafin ƙarya. A 2002 aka yi sabuwar doka. Ta ce shugaban kamfani da mai kula da kuɗi su sa hannu da kansu cewa lissafin gaskiya ne, kuma wanda ya sa hannu kan ƙarya da gangan ana iya ɗaure shi. Ta ce komitin bincike ya zama na mutanen da ba su cikin masu tafiyar da aiki. Ta ce a buɗe hanyar da ma'aikaci zai kai ƙara ba tare da an san sunansa ba.

MANGAZA MAI KWAƊO BIYU

Bashi bisa jinginar kaya, irin wanda Tino ya ɓata, akwai shi a karkarar Nijar. Ana kiran shi warantaj. Hukumar abinci da noma ta duniya, FAO, ta taimaka aka yaɗa shi daga shekara ta 1999.

Ga yadda yake. Da kaka hatsi da wake da gujiya na araha. Maimakon manomi ya zubar da amfaninsa a kasuwa, sai ƙungiya ta tara buhunan ƴaƴanta cikin mangaza. Asusun ajiya da bashi ya zo ya gani, ya ba da bashi wanda bai kai kuɗin kayan ba. Manomi ya yi kiwo ko ƴar sana'a da kuɗin. Bayan wata biyar ko shida, lokacin da hatsi ya yi tsada, ya biya bashi ya ɗauki buhunansa, ko a saida a biya, a ba shi saura.

Ƙofar mangazar kwaɗo biyu ake sa mata. Mabuɗi ɗaya na hannun ƙungiya, ɗaya na hannun asusu. Ba mai iya buɗewa shi kaɗai. Wannan kwaɗo na biyu shi ne abin da aka rasa a Bayon.

Amma kwaɗo ƙarfe ne kawai. In wakilin asusu ya ga hanya da nisa, ya bar ma shugaban ƙungiya mabuɗinsa, to mangazar ta koma mai kwaɗo ɗaya. Haka yake ga bankin cimaka na gari. Haka yake ga mangazar dussa da angurya ta makiyaya. Bankunan cimaka da yawa sun mutu, ba don fari ba. Hatsi ya fita bashi ba a rubuta ba, kuɗi sun kwana gidan mutum ɗaya, shekara ta zagayo aka iske mangaza wayam.

ABIN DA IYAYE SUKA FARA A 1966

Wannan ilimi ba baƙo ba ne ga manoman Nijar. A zamanin da gujiya ke sarauta, manomi na kai kayansa kasuwa, mai awo na mai saye ne. Manomi bai iya karanta ma'auni ba. Abin da aka ce masa shi ke nan.

A 1962 gomnati ta kafa hukumar bashi da gama kai, UNCC. A 1963, shekarar da aka buɗe tankunan Bayon, aka kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci. Daga 1966 aka soma sabon tsari a kasuwannin gujiya. Garuruwa suka zaɓi masu awo da magatakarda daga cikin manoma. In an rufe kasuwa, a yi lissafi. A cire bashin da ba a biya ba, ribar da ta saura a maido ma garuruwa. Ke nan in mutum ɗaya ya ci amana, gari duka ya ji a aljihunsa. Shi ya sa kowa ya sa ido, shi ya sa dattawa suka zauna kan tabarma da dare suna koyon lamba.

An rushe UNCC a 1984, wata ƙungiya mai suna UNC ta gaje ta. Kasuwannin gujiya na wancan zamani sun wuce. Darasin bai wuce ba: mai kaya ya iya karanta ma'auni da kansa.

ABIN DA DOKA TA CE

Nijar na cikin ƙasashen Afirka da suka sa hannu a 1993 don su yi dokar kasuwanci guda. Ana kiran tsarin OHADA. Ran 15 ga Disamba 2010, a birnin Lome na ƙasar Togo, aka amince da dokar ƙungiyoyin gama kai, wato koperatif. Ta fara aiki a 2011.

Dokar ta kasa ƙungiyoyi gida biyu. Akwai ƙarama, mai sauƙin tsari, wadda mutum 5 na iya kafawa. Komitin gudanarwa na mutum 3 ke riƙe ta, ana iya kai shi 5 in ƴan ƙungiya sun kai 100. Akwai babba, wadda sai mutum 15 ko fiye. Majalisa ta mutum 3 zuwa 12 ke riƙe ta.

Kowace iri, doka ta ce a zaɓi komitin sa ido na mutum 3 zuwa 5. Babban taro ke zaɓensu. Wanda ke cikin shugabanni ba ya shiga. Danginsu na kusa, kamar mata ko miji, uba ko ɗa, ba su shiga. Wanda ƙungiya ke biya albashi ba ya shiga. Aikin komitin shi ne ya binciki aikin shugabanni, ya gaya ma babban taro abin da ya gani.

Doka ta ce kuma a yi babban taro kowace shekara, cikin wata 6 bayan rufe lissafi. A wurin taron, mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya. Mai buhu 50 da mai buhu 2 daidai suke.

Mai karatu ya lura: abin da dokar ta hana shi ne abin da aka yi a Bayon. Ta hana a ɗauki yaron mai kaya a ce shi ne mai tsaro.

YADDA AKE BINCIKEN MANGAZA

Komitin sa ido ba ya sallama kafin ya zo. In an san ranar zuwansa, ana iya aro buhuna a cika gurbi, kamar yadda aka riƙa tura mai daga tanki zuwa tanki. In ƙungiya na da mangaza biyu, a ƙidaya su rana ɗaya.

Da farko a buɗe kaye. Kowane layi na da kwanan wata, da abin da ya shiga, da abin da ya fita, da saura. Ga misali:

Ran 5 ga Nuwamba: shiga buhu 120. Saura 120.
Ran 12 ga Nuwamba: shiga buhu 80. Saura 200.
Ran 3 ga Mayu: fita buhu 35. Saura 165.

Kaye ya ce 165. To, a shiga a ƙidaya. Ba daga bakin ƙofa ake ƙidaya ba. A jera buhuna layi layi, bisa katako, a bar hanya tsakaninsu da bango, don mutum ya zagaya. Tsibin da ke da kyau ta gaba yana iya zama da rami a tsakiya.

Sa'an nan a zaɓi wasu buhuna, na sama da na ƙasa da na lungu. Komiti ke zaɓe, ba mai tsaron mangaza ba. A soka masu ƙarfe mai rami har ciki, a ga ko hatsi ne, ko an haɗa da ƙasa ko ƙaiƙayi. A ɗora su bisa ma'auni. Buhun hatsi mai kilo 100 yana cin wajen tiya 40. In aka zare tiya 2 daga kowane buhu cikin buhu 200, tiya 400 sun tafi. Buhu 10 ke nan, alhali lissafin buhuna bai canza ba.

In an gama, a rubuta abin da aka iske, duk waɗanda suka ƙidaya su sa hannu ko su dangwala.

KUƊI MA HAKA

Ma'aji ke riƙe kuɗi. Magatakarda ke rubutawa. Kada mutum ɗaya ya haɗa biyun, ko da shi kaɗai ya iya rubutu a garin. In haka ne, ƙungiya ta aika wasu su koya.

Kuɗi masu yawa ba su kwana a gida. A kai su asusu ko banki da sunan ƙungiya. Kada su fita sai da sa hannun mutum biyu. Kada kowa ya sa hannu kan takardar da ba a rubuta kome ba, wai don a rage wahalar tafiya.

Duk abin da ya shiga ko ya fita, a ba da rasit. Rasit na da lamba bi da bi: 1, 2, 3, 4. In aka ga 14 sai 16, a tambayi ina 15. Littafin rasit da ba a fara ba a kulle shi kamar kuɗi, don da irinsa aka ƙarasa bankunan Amurka.

Shugaba ko ma'aji in yana son bashi daga ƙungiya, ya nema gaban jama'a kamar kowa, a rubuta. Ba ya zama cikin masu yanke maganar bashinsa.

In wani ya zo a ɓoye ya ce ya ga ana fitar da buhu da dare, kada a kore shi, kada kuma a tona sunansa. Kada a yanke ma wanda aka ambata hukunci da jin magana. A je a ƙidaya. Ƙidaya ce za ta raba gardama.

BINCIKE BA ZARGI BA NE

Abin da ke hana bincike a karkara ba rashin sani kaɗai ba ne. Kunya ce. Ma'aji dattijo ne, ko surukin wani, ko ɗan'uwan maigari. Wa zai dube shi ya ce buɗe akwati? Wasu na cewa wannan cin fuska ne.

Amma addini da kansa ya yi umurni a rubuta bashi, a kafa shaidu. Ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, kan wannan magana ta sauka. Ba don an ɗauki kowa ɓarawo ba. Mutum na mantuwa, mutum na mutuwa, kuma bukata na iya matsa ma mai gaskiya.

Bincike na kare mai riƙon amana. Ma'ajin da ba a taɓa ƙidaya kuɗinsa ba, ranar da ya yi sabuwar riga sai a fara raɗa. Ba shi da abin da zai nuna. Wanda ake ƙidaya nasa kowane wata, takarda ce ke amsa masa. Don kada abin ya zama na mutum ɗaya, a sa shi cikin dokar ƙungiya tun ranar kafa ta: ana ƙidaya kowane wata, ko wa ke riƙe da mabuɗi. A kuma sa wa'adi ga shugabanni, in ya cika a sake zaɓe.

A ranar babban taro, a karanta lissafi da babbar murya, da harshen da jama'a ke ji. A rubuta lambobin bisa allo. Mata su zo, don ƙungiyoyi da yawa su ne ƙarfinsu. Duk ɗan ƙungiya na da ikon ya tashi ya ce: buhu nawa suka shiga, nawa suka fita, wa ya ƙidaya saura? In wanda ya ƙidaya shi ne mai riƙe da mabuɗi, to ba a ƙidaya ba tukuna.

Wanda ya iya karanta wannan jarida ya iya karanta kayen mangaza. Lissafin tarawa da ɗebewa da ake koya a makarantar yaƙi da jahilci ya isa aikin komitin sa ido. Kafin a zuba amfanin bana cikin mangaza, kowace ƙungiya ta duba ko tana da komitin, ko mutanensa ba dangin shugabanni ba ne, ko kuma kwaɗon nan biyu na hannu biyu.

Allah ya ba da damana mai albarka, ya tsare dukiyar talakawa.